Tsallaken Thady Hehir

Ina da wani ɗan hali da matata Bernie take kira ƙarya, ni kuwa ina kiransa gyaran zance. Duk wanda ya tambaye ni inda na koyi goge, nakan sunkuyar da kai, in yi ajiyar zuciya, in ce shekara bakwai na yi a gaban marigayi Thady Hehir. Maganar gaskiya, Lahadi goma sha ɗaya ce. A cikinsu ma uku na tarar da shi yana barci a kujera ya rufe fuska da hula, biyu kuma ya sa ni kwashe masa kashin shanu, wai hakan yana sassauta wuyan hannu. Shekarata goma sha tara a lokacin. Yanzu ina da hamsin da huɗu, ga tumbi, ga tabarau, ga kati mai ɗauke da sunana: Malachy Considine, magajin salon Hehir.

Duk wanda ya tashi a yammacin gundumarmu ta Clare ya san kiɗan rawa gaɓa takwas-takwas ne. Takwas a ɓangaren farko, takwas a na biyu. Shi ya sa ƙafar mai rawa take sanin inda za ta sauka ko da mai ita ya sha ya yi tatul. To akwai wani kiɗa na Thady da ake kira Laimar Gwauro, wanda a hannuna kaɗai ya rage. Ɓangarensa na biyu gaɓa bakwai ne. Kana cikin tafiya lafiya lau, daga ta biyar sai ka ji ka a ta bakwai, kamar wanda ya taka matakalar da babu ita. Ni na raɗa masa suna Tsallaken Thady, kuma da shi nake ci da sha shekara ashirin da biyar.

Kowace damina nakan buɗe aji a ɗakin da ke saman kantin magani, baƙi su zo daga ko'ina da gogensu masu tsada. Ranar Laraba nake koya musu tsallaken. Kafin in ɗaga bakan goge sai in kalli taga ta wajen teku, in sassauta murya, in ce musu Thady ba mantawa ya yi da gaɓar nan ba, bar wa masuntan da teku ta cinye ya yi, don su ma su samu wurin sa ƙafa a rawa. Thady bai taɓa faɗa mini haka ba. Abin da ya fi yawan faɗa mini shi ne in rufe ƙofa iska na shigowa. Amma maganar tana aiki. Akwai wani likitan haƙori a Stuttgart da ya sa aka zana masa gaɓa bakwai ɗin a dantse. Akwai mata biyu a Osaka da suke tsallake gaɓar nan duk mako, suna share hawaye.

Mutum ɗaya ne a garin nan bai taɓa yarda ba, Fintan Garrihy, mahaucinmu. Yatsunsa kamar tsiran nama, amma in ya ɗora su a tsirkiya, tsofaffin da suka zo da sanda sai ka ga sun jingine ta sun shiga fili. Ya fi ni iya goge nesa ba kusa ba. Wannan ban taɓa faɗa da baki ba, kuma in aka tambaye ni zan musa.

“Ina kwana, Farfesa,” haka yake tarbata in na je sayen nama. “An tsinci gaɓar kuwa? Jiya na hangi wata a bayan coci tana kiwo, na ce ko taka ce ta tsinke.”

“Ba ni haƙarƙari, Fintan, ka bar abin da ya fi ƙarfin kanka.”

“Guda nawa? Takwas, ko in cire ɗaya saboda masunta?”

Abin da yake yaɗawa a gari shi ne Thady takwas yake kaɗawa kamar kowane mai hankali, ni ne na ji a karkace na mayar da kurumtata sana'a. Ba shi da hujja, ni ma ba ni da ita, domin Thady ya rasu ba a san ya bar muryar gogensa a ko'ina ba. Haka muka zauna shekara da shekaru, kowa da gaskiyarsa, kuma zaman ya yi mini daɗi.

Sai bana, da Thady zai cika shekara ɗari da haihuwa, kwamitin gari ya shirya taron tunawa da shi a zauren coci ranar Asabar da ƙarfe uku. Ni ne babban mai jawabi. Saura kwana goma limamin cocinmu ya tare ni a bakin gidan waya, fuskarsa sai walƙiya take.

“Malachy, albishirinka! Wata Dakta Orla Devane daga Dublin ta bugo. Sun tono wani tsohon tef na murya na 1961 a ma'ajiyarsu ta tsofaffin kaɗe-kaɗe. Thady ne da kansa, a kicin ɗinsa. Ka san me yake kaɗawa?”

Na sani tun kafin ya faɗa.

“Laimar Gwauro! Za ta sa mana shi a zaure kafin jawabinka. Ka ga ikon Allah?”

Na ce na gani.

Da na koma gida na tarar da Bernie tana feraye dankali. Na ja kujera na zauna, na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

“Sau nawa ka ji ya kaɗa shi?”

“Sau da yawa.”

“Malachy.”

“Biyu.”

“Kuma hankalinka yana kan gogen?”

Na kalli taga. A wancan lokacin yayarta Assumpta nake nema, kuma daga tagar kicin ɗin Thady ana hango igiyar shanyar gidansu.

“Na farkon dai Assumpta tana shanya,” in ji Bernie, kamar tana karanta mini jarida. “Na biyun fa?”

“Tana kwashewa.”

Ta jefa dankalin a tukunya, ruwa ya fantsalo mini a riga. “To ka fara tunanin wata sana'ar. Na ji Fintan yana neman mai wanke masa wuƙaƙe.”

Ba asarar ajin ce ta fi damuna ba, ko da yake ta dame ni. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne in tsaya a gaban mutum ɗari biyu da suka san ni tun ina yawo da gajeren wando, a ƙirga takwas a kan idona, Fintan yana layin gaba. A garin nan ba a korar mutum. Sai dai a yi ta ce masa Farfesa har ranar da za a sa shi a rami, a kuma sassaƙa a dutsen kabarinsa in an samu rangwame.

Dakta Orla ta iso ranar Juma'a da rana. Yarinya ce ƙarama, da kyar in ta kai talatin, da jakar goyo da takalmin hawan dutse. Na gayyace ta otal na saya mata miyar kifi da burodi mai ruwan ƙasa, na yi ta yabon aikin ma'ajiyarsu wanda ban san komai a kansa ba. Sai da ta kusa gamawa na shigo da maganar ta bayan gida.

“Dakta, ina ganin zai kyautu in ɗan saurari tef ɗin nan yau. Don in daidaita jawabina, kin gane.”

“Ayya, Malam Considine, na yi wa kwamiti alkawari. Sun ce gari gaba ɗaya zai ji tare.”

“Wa ya kawo wannan shawarar?”

“Wani mai nama.”

Na kurɓi shayi. “Amma ke kin ji.”

“Sau biyar.”

“To, ya kika ji shi?”

Ta goge kwanon da guntun burodi, ta tauna a natse, ta dube ni da idanun da ba su san tausayi ba. “Akwai kare da ke haushi a ciki. Sai dai bai ɓata komai ba.”

Na biya kuɗin miyar.

Da safiyar Asabar na rubuta jawabi biyu. Na aljihun dama shi ne na kullum, na masunta. Na aljihun hagu kuma na ko-ta-kwana ne, inda na bayyana cewa Thady mutum ne mai zurfin ciki, takwas yake kaɗa wa baƙin Dublin masu na'ura, bakwai kuma sai ga na jikinsa. Na karanta wa Bernie wannan na biyun. Ta ce in na kuskura na karanta shi a bainar jama'a, a gidan Assumpta za ta kwana. Na kuma je zauren da wuri na duba inda wayar lasifika ta bi, ko ƙafar mutum za ta iya sarƙe ta bisa tsautsayi. An manne ta da ƙasa tun daga bango har dandamali. Wannan ma, na ji daga baya, shawarar mai nama ce.

Ƙarfe uku zaure ya cika maƙil. Ana yayyafi a waje, ciki sai warin jiƙaƙƙun riguna da tururin shayi. Ɗalibaina na bana su goma sha huɗu sun jeru a gefe ɗaya da akwatunan gogensu a kan cinya, likitan haƙorin nan na Stuttgart yana cikinsu, ya naɗe hannun riga don a ga zanen. A layin gaba an ajiye Gwaggo Nonie, ƙanwar Thady, a kujerarta mai taya. Shekararta casa'in da ɗaya, an ɗauko ta daga gidan kula da tsofaffi, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Kusa da ita Fintan ne, cikin kwat ɗin da yake sawa in za a binne wani.

“Farfesa,” ya ce da na zo wucewa, “na zo da yatsuna duka goma, ko za a buƙaci ƙari.”

Liman ya yi addu'a, ya gode wa matan da suka yi cincin, ya roƙi mai farar mota ya je ya janye ta daga ƙofar maƙabarta. Sannan Dakta Orla ta kunna tef ɗin.

Da farko shuuu kawai ake ji. Sai kujera ta yi ƙara, sai wata murya ta Dublin ta faɗi kwanan wata. Sai ga muryar Thady, wadda rabona da ita shekara ashirin da biyar, tun rasuwarsa, tana cewa, “A rufe ƙofar nan, iska na shigowa.” Zaure ya ɗauki dariya. Ni ban yi ba.

Ya ja baka. Na manta yadda yake kaɗawa, wallahi na manta. Ni a aji nakan ja kiɗan nan a hankali kamar ana rakiyar gawa, shi kuwa tafiya yake da shi kamar mai komawa gida da yunwa. Ƙafafu ɗari huɗu suka kama dukan katako. Ba wanda ya ce a ƙirga, amma a garin nan ko jariri ƙirgawa yake. Ɓangaren farko ya wuce, takwas cif. Kare ya yi haushi. Aka shiga na biyu.

Fintan ya ɗaga yatsu takwas sama yadda kowa zai gani, yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya. Biyu. Na sa hannu a aljihun hagu. Uku. Huɗu. Na hango Bernie a bakin ƙofa ta riga ta rataya jakarta. Biyar.

Sai zaure gaba ɗaya ya yi tuntuɓe. Ƙafafu suka sauka inda babu ƙasa, wata mata ta ce “Wayyo!”, kofin shayi ya faɗi a baya. Thady ya riga ya yi gaba abinsa, ya koma farkon kiɗan, ya bar Fintan da yatsa ɗaya a tsaye ba inda zai kai shi.

Sau uku ya zagayo, sau uku ya tsallake.

Ban san lokacin da na hau dandamali ba. Na san dai na zaro na aljihun dama, kuma ban ko kalle shi ba. Na yi maganar masunta kamar ban taɓa yi ba. Na kira sunayen jiragen da suka nutse, har da biyu da ban tabbata sun nutse ba. Na ce shekara bakwai ina zaune a gaban bawan Allahn nan, kuma a wannan karon ni kaina na yarda. Mata suka fito da hankici. Likitan haƙori ya rungume wani manomi da bai san shi ba. Da na ɗauki gogena na kaɗa Laimar Gwauro tare da ɗalibaina goma sha huɗu, muka tsallake gaɓar nan tare kamar tumaki a kan katanga, tafi har da masu tsayuwa.

Fintan ya same ni a wajen teburin shayi. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

“To, Malachy,” ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana tun muna makaranta. “Bakwai ne.”

“Bakwai ne, Fintan.”

“Har yanzu dai ba ya rawuwa.”

“Ba don masu rai aka yi shi ba.”

Ya ajiye kofin, ya miƙo hannu. Na kama. Na yafe masa a gaban jama'a, da murya mai ɗan ƙarfi don na bayan su ji.

Da aka watse, motar gidan tsofaffi ba ta zo ba, liman ya ce ai ba wanda ya fi cancanta ya mayar da Gwaggo Nonie sai magajin ɗan'uwanta. Muka ɗora ta a gaba, muka naɗe kujerar muka sa a but ɗin mota. Tafiyar minti ashirin ce ta hanyar bakin teku. Yayyafin ya tsaya, rana ta ɗan leƙo, ni kuwa ji nake kamar in tsaya in gaisa da kowace saniya.

“Kai ɗan gidan wa ne?” ta ce, bayan mun wuce gada.

“Considine, Gwaggo. Malachy. Ni na yi jawabi.”

“Oho. Mai leƙen shanya.”

Na gyara madubi.

“Ka iya magana, ba laifi,” ta ce. “Na ji daɗin wajen masuntan nan. Har na so in yi kuka, sai na tuna Thady ko kwalekwale bai taɓa shiga ba. Kifi ma sai an cire masa kai yake ci.”

“Ai abin a zuci yake, Gwaggo. Mai fasaha ba sai ya...”

“Akwai alewa a motar nan?”

Na ba ta alewar na'ana'a daga aljihun mota. Ta ɓare a hankali, ta jefa a baki, ta bi teku da kallo. Na ga dama ce ta samu wadda ba za ta dawo ba. Wata ɗaya mai zuwa ina da jawabi a Galway, kuma ɗan zance daga bakin ƙanwar marigayi ba ƙaramin ado zai yi masa ba.

“Gwaggo, a wajen wa Thady ya ɗauki Laimar Gwauro? Na san dai tsohon kiɗan garin nan ne. Wajen kakanku?”

“Kakanmu? Wannan ko fito bai iya ba. A garmaho ya ɗauka.”

“A ina?”

“Garmaho, yaro, akwatin da ke juya faifai, kurma ne kai? Innarmu Delia, 'yar'uwar babarmu, ta aiko da faifan daga Boston cikin ƙunshin tsofaffin kaya, an naɗe shi a siket. Wani mutumin can ne ya kaɗa, na manta sunansa, yana da gashin baki. Kiɗa uku ne a gefe ɗaya, wannan shi ne na ƙarshe, sau ɗaya ya zagaya faifan ya ƙare. Mako guda muka yi muna rawa da shi a kicin, har maƙwabta. Thady ba ya nan, yana aikin yankan ciyawa a gonar wasu mutane can wajen Ennis.”

Na rage gudu. “Kuna rawa da shi? Da bakwai ɗin?”

“Wane bakwai? Takwas ne lafiya lau. Wa zai yi rawa da bakwai?” Ta juya alewar a baki. “Kafin ya dawo ne abin ya faru. Da ya dawo ya zauna gaban garmahon nan wata biyu, yana juya hannu yana kwaikwayo. Duk sanda allura ta zo wajen sai ta yi tsalle, shi ma sai ya yi. Babarmu ta ce masa, Thady, akwai fa guntun da ya ɓace a nan. Ya ce shi abin da kunnensa ya ji zai kaɗa, wanda ya san sauran ya zo ya ɗauki gogen.”

“Bai taɓa gaya wa kowa ba?”

“Wa ya tambaye shi?”

Mun iso ƙofar gidan tsofaffin. Wata ma'aikaciya ta fito tana ɗaga mana hannu. Na kashe mota amma ban buɗe ƙofa ba.

“Gwaggo, me ya samu faifan?”

“A kan kujera aka bar shi,” in ji ta, tana laluben maɓallin bel. “Shekarata biyar. Zama na yi a kai.”